Yadda Na Farfaɗo da Ƙasar Lambun Bayan Gidanmu a Jos

Wanda bai taɓa zama a Jos ba yana ɗauka cewa a garin nan duk abin da ka jefa a ƙasa zai tsiro. Ba laifinsa ba ne. Idan mutum ya shiga kasuwar Farin Gada da sassafe ya ga tulin kabeji da karas da latas da koren wake, ya ga ana loda wa motoci dankalin turawa, dole ya ce ƙasar nan ta fi ta kowa. Amma abin da Allah ya ba Jos kyauta shi ne sanyi. Garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200 sama da teku, shi ya sa kayan lambun da zafin Kano ko na Abuja yake wahalarwa suke sakewa a nan. Ita kuwa ƙasar, a unguwanni da yawa ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Masu lambun da suke cika kasuwa da kaya, da guminsu suka gina ƙasar da suke nomawa, shekara da shekaru.

Ni sai da muka tare a gidanmu da ke wata sabuwar unguwa ta wajen Naraguta na ga wannan da idona. Akwai ɗan fili a bayan kicin, na sa aka yi mini fangali huɗu, na shuka alayyafo da karas, na dasa tumatir da kabeji. Alayyafon ya fito, ya kai tsawon yatsa, sai ya tsaya nan, ganyensa na ƙasa ya yi ruwan ɗorawa, tun yana ƙarami ya fara fitar da kai. Bayan ganyen tumatir ya rine ya koma shunayya. Karas da na tuge, wani ya rabu gida uku, wani ya lanƙwashe ya koma sama. Idan na yi ban ruwa, ruwan ba ya shiga, sai ya kwanta a sama ya gangare gefe, in rana ta yi kuma saman ya bushe ya yi ɓawo ya tsattsage. Na barbaɗa takin zamani na kamfa, shukar ta yi kore na ɗan lokaci, ta sake komawa gidan jiya.

Daga nan na daina duba ganye, na koma duba abin da ke ƙarƙashinsa. Na samo wani matashi da diga da shebur, na ce ya haƙa mini rami a tsakiyar fangali ɗaya har ya kai masa gwiwa, ya gyara bangon ramin ya miƙe don in ga yadda ƙasar ta jeru. A sama akwai jar ƙasa mai danƙo wadda ta wuce kamu ɗaya. Wannan ba ƙasar wurin ba ce tun asali, ita ce magina suka fito da ita daga ramin harsashin gini da na shadda suka baje a tsakar gida, tifa da baro suka yi ta bi ta kanta har ta danne. A cikinta muka yi ta ciro ɓaraguzan bulo, da dunƙulen siminti da ya daskare da siffar buhunsa, da ƙusoshi, da leda. Ƙarƙashinta sai wani siririn layi mai ruwan toka, bai fi kaurin yatsu uku ba, shi ne ainihin ƙasar sama ta filin kafin a yi gini. Daga nan sai tsakuwa da marmara, inda diga take tashi da ƙara. Duk ramin nan ko tana ɗaya ban gani ba. Na ɗebi ƙasar na shinshina, ba ta da wannan ƙamshin da ƙasa take yi idan ruwan farko ya sauka.

Akwai kuma tarihin wurin. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a wannan yanki, kuma Naraguta tana cikin wuraren da aka fara kafa sansani. An shafe shekaru da dama ana birkice ƙasa a bakin kogin Dilimi da Rayfield da Bukuru da Barkin Ladi, ana mai da ta ƙasa sama, ta sama ƙasa, har farashin kuza ya faɗi warwas a 1985. Abin da aka bar mana shi ne tuddan ƙasa da kududdufai masu zurfi, da itatuwan turare da aka dasa don rufe wuraren. Unguwanni da yawa na yau a kan irin wannan fili suke zaune. Ko inda ba a yi haƙa ba, yawancin ƙasar cikin gari daga dutsen giranit ta samo asali, mai yashi ce da tsakuwa, ba kamar ta wajajen Panyam da Kerang ba, inda tsofaffin duwatsu masu aman wuta suka bar ƙasa mai ƙarfi. Ga ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, yana wanke sinadaran ƙasa yana gangarawa da su.

Gwaji uku na yi, duk a gida. Na farko, na zuba ƙasa a kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, na cika da ruwa, na girgiza sosai na ajiye. Yashi yakan kwanta cikin minti ɗaya, laka mai laushi ta biyo baya cikin 'yan sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu. A tawa kwalbar, tsakuwa da yashi ne a ƙasa, yumɓu ja a sama, kuma babu wani baƙin ɓurɓushi da ya taso kan ruwan, alamar babu ruɓaɓɓen ganye ko taki a cikinta. Na biyu, na cika ramin nan da ruwa na bari ya tsotse, na sake cikawa na sa ido. Ƙasa mai kyau takan sha kamar santimita 3 zuwa 5 a sa'a. Nawa ramin da safe na cika shi, har la'asar da ruwa a ciki.

Gwaji na uku shi ne ya buɗe mini ido. Na sayo takardar gwajin tsami a shagon masu kayan kimiyyar makarantu, irin wadda ake tsomawa ta canja launi. Na dama ƙasar kowane fangali dabam da tataccen ruwa na kemis, na bari ta kwanta, na tsoma. Ma'aunin, wanda ake kira pH, yana tafiya daga 0 zuwa 14, kuma 7 ne tsakiya, abin da ya gaza 7 shi ne mai tsami. Yawancin kayan lambu sun fi son 6 zuwa 7. Fangali uku sun nuna wajen 5. Na huɗun, wanda yake jikin katanga inda magina suka riƙa kwaɓa siminti, ya haura 7, domin siminti da farar ƙasa ake yin sa. Fili ɗaya, taku kaɗan tsakani, amma ciwo iri biyu. Da na bi su da magani ɗaya, da na gyara uku na ƙara lalata ɗaya.

Tsamin nan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ma'aunin ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyam da ke cikin ƙasa yana narkewa ya ƙone bakin saiwa, sai ta gajarce ta kumbura ta kasa neman ruwa. Sannan jar ƙasa cike take da ƙarfe, shi ne ma ya ba ta launinta, kuma a cikin tsami ƙarfen da alminiyam suna kama fosfaras, ɗaya daga cikin sinadaran da shuka take ci, su riƙe shi gam. Shunayyar da na gani a bayan ganyen tumatir, yunwar fosfaras ce, alhali na zuba shi a cikin kamfa. Naitirojin kuma da fotashiyam, tunda babu ruɓaɓɓen taki da zai riƙe su, ban ruwa kaɗan ya wuce da su. Zuba takin zamani a irin wannan ƙasa kamar ɗibar ruwa ne a kwando. Yuriya ma, idan aka daɗe ana zuba ta ita kaɗai, ƙara wa ƙasa tsami take yi.

Na ƙulla ƙasar a leda na kai wa wani dattijo da yake noman rani a bakin Dilimi, wanda muke sayen latas a wurinsa. Ya zuba a tafin hannu, ya ɗiga mata ruwa, ya murza ta da babban yatsa har ta yi tsawo ba ta karye ba.

"Malama, wannan ai ciko ne, ba ƙasar noma ba," in ji shi. "Amma ba ta mutu ba. Nan da kike gani, lokacin da mahaifina ya kama wurin, yashin kuza ne zalla."

Na dubi fangalinsa, baƙi wuluk, ƙafa tana nutsewa a ciki. Na ce, "Baba, da me kuka mai da shi haka?"

"Toka da kashin kaji, sai haƙuri. Kada ki haɗa su rana ɗaya. Kuma kada ki bar ta tsirara rana ta dake ta."

Maganar toka tsohuwar dabara ce a wurin masu lambun Jos. Sun daɗe suna sayen tokar juji daga cikin gari, a kawo musu a mota, su tsince ta su baje a gona, kuma tana aiki, domin toka tana kashe tsami. Sai dai a nan na rabu da Baba, duk da girmansa da nake gani. Jujin da mahaifinsa ya sani na ganye ne da tokar murhu da kashin awaki. Na yau cike yake da leda da roba da matattun batura da gwangwanin fenti, idan aka ƙona su dalma da sauran guba suna zama a cikin tokar, kuma ganye irin su alayyafo da latas suna ɗauka. Abin da zan yanka in sa wa yarana a miya ba zan shuka shi a kan wannan ba. Sai na shirya da wata maƙwabciya mai tuyar waina da wani gidan burodi da ke aiki da itace, suna tara mini toka. Abu ɗaya na roƙe su, wadda aka hura wutarta da leda ko tsohon takalmin roba kada a haɗa mini.

Mutane da yawa sun ce in huta, in kira 'yan tifa su juye mini baƙar ƙasa. Ban yi ba. Ba ka san daga inda aka kwaso ta ba. Wata tana zuwa da 'ya'yan aya-aya da saiwar ƙiri-ƙiri, waɗanda in sun shiga fangali sai an yi shekaru ana yaƙi da su. Wata daga gefen kwata aka ɗebo ta. Wanda ya fi damuna shi ne baƙin yashin da ake samu a wuraren wankin kuza, mai nauyi da ƙyalli. Wannan ba taki ba ne ko kusa, yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki a hankali, bai kamata a kawo shi inda yara suke wasa ba, balle inda ake shuka abinci. Baƙi ba shi ne shaidar ƙarfin ƙasa ba.

Aikin ƙarfi muka fara yi. Muka kwashe ƙasar saman kowane fangali zurfin santimita 30 muka tara a gefe, muka tankaɗe ta da ragar da magina suke tace yashi. Abin da ya fito na dutse da bulo, da shi muka cike hanyoyin da ke tsakanin fangalin. Sannan aka sa diga aka farfasa ƙasan ramin, ba a juyo ta sama ba, an dai sassauta ta don ruwa da saiwa su sami hanya. Na rage faɗin kowane fangali zuwa mita ɗaya da 'yan kai, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe, na kewaye su da bulo jeri ɗaya don su ɗaga sama da ƙasa. Na kafa doka a gidan, babu mai taka cikin fangali, babba ko yaro. Ƙasa mai yumɓu idan aka taka ta tana jiƙe, aikin diga ya tashi a banza.

Zuciyar aikin dai ita ce tulin taki, kuma a nan na fi ba da lokaci. Jos gari ne na kiwon kaji, saboda haka kashinsu ba ya wuya, ana sayar da shi a buhu, yawanci gauraye da dusar katakon da ake shimfiɗa musu. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma ɗanyensa yana ƙone saiwa, kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar ciki, abin tsoro ga latas da karas da ake ci ɗanye. Kashin shanu ya fi sanyi amma yana zuwa da irin ciyawa. Duka biyun sai sun dahu a tuli. Na samo kashin shanu daga 'Yan Shanu, na kaji daga wata gona, sannan a Farin Gada na roƙi masu kabeji su bar mini ganyen waje da suke ɓarewa da kan karas, Keke ya kawo mini. Wanda ya ruɓe ya yi baƙi ko yake da tabon cuta ina ware shi. Busassun kaya kuma, ganyen mangwaro da aka share, da karan masara da muka daddatsa, da ɓuntun shinkafa. Ganyen turare ban sa ba, yana da mai, yana daɗewa bai ruɓe ba, kuma duk wanda ya lura zai ga ba abin kirki da ke tsirowa a gindinsa.

A inuwa na kafa tulin, a kan ƙasa ba kan siminti ba. Kara a ƙasa don iska ta shiga, sai busasshen ganye mai kauri, sai ɗanyen ganye, sai kashin dabbobi, sai a watsa ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake daga farko. Busasshe ya ninka ɗanye sau biyu ko uku. Girman tulin yana da muhimmanci a garin nan fiye da wasu wurare. Idan bai kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi ba, sanyin hunturu ba zai bar shi ya ɗau zafi ba. Na soka wani guntun rodi a tsakiya na rufe tulin da tsofaffin buhuna. Bayan 'yan kwanaki na zaro rodin da asuba, hazo ya rufe unguwa, ina sanye da rigar sanyi, sai ga shi yana tururi, na kasa riƙe bakinsa. Na kira yara suka taɓa ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin yana tambaya wa ya hura wuta a ciki. Ƙananan halittun da ido ba ya gani ne suke cin ganyen suna fitar da zafi, kuma zafin yakan kai digiri 55 zuwa 65, wanda shi ne yake kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta.

Tulin yana gaya maka abin da yake so idan ka saurara. In warin fitsari yana tashi, kashin kaji ya yi yawa, naitirojin yana gudu cikin iska, sai a ƙara busasshen ganye. In ya yi ɗoyi ya yi caɓi, ruwa ya yi yawa, sai a juya shi ya sha iska. In rodi ya fito da sanyi ga farar hunhuna a ciki, ƙishi yake ji. Awon ruwan a hannu ake yi, ka damƙi takin ka matse, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu. Duk bayan mako biyu ana juyawa, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku yakan nuna, a hunturu ya ɗan wuce haka. Alamarsa, ya huce, ya ragu zuwa kusan rabi, ya yi baƙi-baƙi yana wargajewa a hannu, ba ka iya gane kabeji daga kara, warin kashi ya tafi. Gwazarmar da na riƙa samu a ciki, kaji nake tsince wa.

Kan dusar katako, gargaɗi ɗaya. A kasuwar Katako ana samunta da arha, kuma wata maƙwabciyata ta gauraya ta ɗanya a cikin fangalinta don ƙasar ta yi laushi. Laushin ta samu, amma duk shukarta ta yi ruwan ɗorawa. Katako kusan ba shi da naitirojin, saboda haka halittun da suke ruɓar da shi sai su wawushe wanda ke cikin ƙasa, su bar shuka da yunwa har su gama. Wurinta cikin tuli ne tare da kashin kaji, ko a kan hanyar tsakanin fangali.

Kafin taki ya nuna na sa toka a fangali ukun masu tsami. Na tankaɗe ta, cikin gwangwanin madara ɗaya zuwa biyu ga kowace murabba'in mita, na cakuɗa da ƙasar sama na ba ta ruwa, na bar ta kamar mako biyu. Toka tana ba da kalsiyam da fotashiyam, amma ba ta da naitirojin, wuta ta cinye shi. Dalilin da ya sa Baba ya ce kada a haɗa ta da kashin kaji rana ɗaya shi ne, idan ta haɗu da ɗanyen kashi ko yuriya, sai ta kori naitirojin ɗinsu ya tashi iska, da hancinka za ka ji. Kuma ba a ɗura ta da yawa don a gama da wuri, gishirinta yana ƙone tsiro. Kaɗan-kaɗan, a sake gwadawa bayan an kwashe amfani. Fangalin jikin katanga ko ƙyas ban sa masa ba. Mai niyyar dankalin turawa ma ya rage hannu, domin shi yana son ɗan tsami, toka mai yawa tana sa masa ƙuraje a bawo.

Da taki ya nuna, na shimfiɗa shi kaurin santimita 5 a kowane fangali, na cakuɗa da ƙasar sama zurfin kamu ɗaya. Bayan dashe na rufe saman da busasshiyar ciyawa wadda ba ta yi iri ba, na bar ɗan fili kewaye da gindin kowace shuka. Gara ta zo, kamar yadda kowa ya faɗa mini za ta zo. Na lura ciyawar take ci, kuma inda ta bi tana barin ƙananan ramuka da ruwa ke shiga. Muddin fangali yana da laima kuma ciyawar ba ta taɓa kara ba, ba ta dame ni ba, sai in ƙara wata. Na dai nisantar da tulin ciyawar daga ƙofa da katakon rufi.

Ranin farko, alayyafo da latas ne suka fara ba da amsa, masu gajeriyar saiwa. Ganyen alayyafo ya kai faɗin tafin hannu, ina yanka yana sake tohowa. Karas a ƙasar da aka tankaɗe ya sauka a miƙe. Ruwan da nake ja daga rijiya safe da yamma ya koma sau ɗaya a rana, wani lokaci in tura yatsa ƙarƙashin ciyawa in ji laima in ƙyale. Wanda yake jan guga a watan Maris, lokacin da rijiyoyi suke ja da baya, ya san darajar wannan. Kabeji kuwa mai ci ne, taki kaɗai bai ishe shi ba a shekarar farko. Na ba kowane gindi kamfa 15-15-15 cikin murfin kwalba, na zagaya shi nesa da kara na rufe da ƙasa. Ban ɗauki takin zamani abokin gaba ba. Bambancin shi ne yanzu ƙasar tana riƙe abin da aka ba ta, kaɗan yana yin aikin da mai yawa ya kasa yi a da.

Damina ta kawo nata gwajin. Ruwan Yuli da Agusta a Jos ba ya wasa, wani lokaci har da ƙanƙara. Ɗaga fangalin da aka yi ya hana ruwa kwanciya, ciyawar sama ta hana ɗigon ruwa daddaɓe ƙasa. Amma ƙasar ta sauka, domin taki yana ci gaba da ruɓewa, a ƙasa mai ɗumi irin tamu kuma da sauri yake ƙarewa. Wannan ne abin da mutane ba sa son ji, ba aikin shekara ɗaya ba ne, duk bayan girbi sai an ƙara. Tun daga lokacin ban sake barin gidan ba tare da tuli ɗaya yana dahuwa ba. Ɓawon dankali da na ayaba, ɓawon ƙwai da aka daka, kashin awakin gida, duk can suke tafiya. Nama da mai da ragowar miya ba na sawa, saboda ɓera.

Fangali biyu na hutar da su da wake da gyaɗa. Da suka yi fure na tuge gindi ɗaya na wanke saiwar, ga ƙananan ƙulli girman ƙwayar dawa manne a jikinta. Na fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Wannan launi shi ne shaidar cewa ƙwayoyin da ke ciki suna kamo naitirojin daga iska. Bayan na tsinke wake ban tuge ba, na yanke daga gindi na bar saiwa a ƙasa. Harawar awaki suka ci, kashinsu ya koma tuli. Akwai kuma wannan dogon tsiro mai ganye mai ɗaci da fure ruwan ɗorawa da ke cika gefen hanyoyi a ƙarshen damina, wanda masana ke kira Titoniya, asalinsa daga Meziko. Mutane suna sare shi su ƙone, alhali ganyensa taki ne mai ƙarfi da ke ruɓewa cikin 'yan makonni. Ina yanko shi tun bai yi iri ba, in daddatsa ganyen da ɗanyen kai in binne sama-sama. Tsohon karansa ba na sawa a fangali, domin yana iya kamawa ya toho.

Kada a rikita ƙullin wake da wani ƙulli na dabam. A saiwar tumatir da kuɓewa na ga kumburi, amma wannan cuta ce, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani suke shiga saiwa, shuka ta riƙa yaushi da rana ko da ƙasa tana jiƙe. Yadda ake bambancewa, ƙullin wake a gefen saiwa yake, da ka murza zai fita. Na cuta kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ciruwa. Irin wannan saiwa ƙone ta nake yi, ba ta shiga tuli. Tumatir da tattasai da attaruhu da yalo da dankalin turawa dangi ɗaya ne, ba na sa ɗayansu ya gaji wani a fangali. Inda tumatir ya tashi, albasa ko masara ke shiga, kuma ina cakuɗa dakakken 'ya'yan darbejiya a ƙasar kafin dashe.

A damina ta biyu ne na fara cin karo da tana idan na sa fartanya, farko ɗaya-ɗaya, daga baya kowane sara. Daga nan na daina haƙa mai zurfi, taki a sama nake zubawa, su suke shigar da shi. Takardar gwaji a fangali ukun nan yanzu tana nuna kusan 6, saboda haka na rage toka zuwa sau ɗaya a shekara. Jar ƙasar tana nan idan aka yi ƙasa sosai, amma kamu ɗaya na sama ya yi duhu, yana dunƙulewa ƙanana-ƙanana, ruwa yana shiga nan take.

Fangalin jikin katanga shi ne har yanzu yake baya. Tumatir da na gwada a ciki, sabon ganyensa yakan fito fari-fari, jijiyoyin kawai ke kore, alamar simintin yana hana shi shan ƙarfen da yake buƙata. Sauke ma'aunin irin wannan ƙasa ya fi ɗaga na mai tsami wuya. Taki zalla nake ba shi, na bar shi ga kabeji da albasa, waɗanda suka fi jure hakan. Idan na kwashe albasar bana, za mu sake buɗe gefen da ke manne da katangar, domin rodi yana nuna mini akwai sauran daskararren siminti a can ƙasa da digar farko ba ta kai gare shi ba.